Ba kowane icce ake banda kifi da shi ba: darasin da ƙarara ta koya mini



Yau ba maganar abinci ko canjin ruwa zan yi ba. Maganar icce ce. Na san wani zai ce me ya haɗa kiwo da icce, to duk wanda yake banda tarwaɗa, ko yake ɗumama 'yan tsaki da gawayi a wannan sanyi na Zariya, ya san wuta tana cikin jarinsa. Muna zama mu yi lissafin kuɗin 'ya'yan kifi, kuɗin abinci, kuɗin man janareto, amma icce sai dai mu ce wa yaro "je ka samo mana na banda". Ra'ayina shi ne wannan sakaci ne, kuma ni na biya kuɗinsa. Bari in ba ku labarin yadda aka yi.

A hunturun da ya wuce na kwashe tarwaɗa daga tamfol biyu, irin ƙananan nan da muke kira na banda, uku ko huɗu a kilo. Dattijon da na saba sayen marke a wurinsa a nan Samaru ya ce ba a kawo masa kaya ba. Kifi kuwa kun san ba ya jira, in an fitar da shi an yanka, ko dai wuta ko asara. Na yi zubin farko da ragowar iccen da nake da shi. Bayan magariba sai ga wata a-kori-kura da icce, wai daga wata fadama aka share gona. Kuɗin da suka faɗa ya yi ƙasa da na kullum sosai. Ban haska fitila ba, ban tambayi sunan iccen ba, na ce a sauke. Yaron da yake taya ni aiki ya jibge shi a gefen rumfar banda, daidai ɓangaren da iska take tasowa, kusa da ragar da muka baza zubin farko yana hucewa.

Da safe yaron ya ɗauki gatari ya fara faskare. Ashe busasshiyar ƙarara ce ta nannaɗe rabin iccen, da kwansonta a jiki. Duk gatarin da ya sauke, sai gashin nan nata ya tashi ya bi iska. Ba a yi minti goma ba na ji yana cewa, "Oga, jikina! Oga, wuta nake ji!" Ya cire riga yana susa da hannu biyu, wuya da ƙirji duk sun yi ruɗu-ruɗu, ya murza ido da hannun, idon ya yi jajir. Mai ɗakina tana wanke kifin zubi na biyu a bakin famfo, ita ma ta kama susa. 'Yar autarmu da take wasa a tsakar gida ta fashe da kuka, ba ta ma iya faɗin inda ke damunta ba.

Ga inda laifina ya fi girma. Bayan an yi wanka, hankali ya ɗan kwanta, na dubi kifin nan da yake kan raga. Raina ya ba ni cewa gashin ya sauka a kansa. Amma na riga na yi wa wata mai shago a kasuwar Sabon Gari alkawarin kwali biyu a ranar. Na kakkaɓe shi, na ce ai ba komai, na zuba a kwali na aika. Kafin la'asar ta kira ni. Bayarabiya ce, ta daɗe a Zariya, Hausa a bakinta kamar ni. Ta ce, "Malam, werepe ka zuba mini a kifi? Yarinyata tun da ta jera shi take susa, kuma wata ta dawo da wanda ta saya." Werepe shi ne sunan ƙarara a Yarabanci. Na je na kwaso kayana, na mayar mata da kuɗinta, na ba ta haƙuri. Kifin mun wanke shi da ruwan zafi mun sake ƙyafe shi, amma ban mayar da shi kasuwa ba. Sai da na yi kusan wata biyu ina bibiya kafin ta sake karɓar kayana, kuma har yau in na kai sai ta buɗe kwalin ta duba a gabana. Ba na jin haushinta, ni na jawo.

Da na ba abokai labari, kusan kowa cewa yake mai iccen ne ya cuce ni. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya share gonarsa ya loda abin da ya sare, icce ya sayar mini, kuma iccen ya ci wuta. Bai san kifi zan banda ba, bai san inda ragata take ba. Ni ne na san abin da zai shiga bakin mutane zan ɗora a kan wannan wuta. Don haka duba icce aikina ne, kamar yadda duba buhun abinci ko ya yi fumfuna aikina ne. Wanda ya sayar da abinci ga jama'a, duk abin da ya taɓa abincin nan yana wuyansa, tun daga ruwan tamfol har zuwa hayaƙi.

To wace ce ƙarara, ga waɗanda suka tashi cikin gari ba su san ta ba? Tsiro ne mai yaɗo, dangin wake, yana hawa bishiya da shinge, ya fi yawa a fadamu da bakin rafi da gonar da aka bari ta huta. Masu ilimin tsirrai suna kiranta Mucuna pruriens. Da damina ganye ne kore, uku-uku kamar na wake, ba ka ma lura da ita. Da kaka ta yi kwanso mai lulluɓe da gashi ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. In hunturu ya shigo ya bushe, gashin nan ko iska ce ta kaɗa sai ya tashi. Kowane ɗaya kamar ƙaramar allura yake, ya soki fata ya zuba wani sinadari da ake kira mukunen, shi ne yake kawo ƙaiƙayin. Abin da ya ba ni mamaki da na karanta shi ne, likitoci masu binciken ƙaiƙayi suna amfani da gashin ƙarara a ɗakin gwaji, saboda ƙaiƙayinta ba ta hanyar da na cizon sauro yake bi ba. Shi ya sa ƙwayar maganin ƙaiƙayi da muka saba saye a kemis ba ta cika yi mata aiki sosai ba. Maganin farko shi ne a fitar da gashin daga fata.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan matsala ba. A Amurka da Kanada masu sarar itacen ɗumama ɗaki suna fama da wani tsiro da suke kira poison ivy, shi ma yaɗo yake yana hawa bishiya, jijiyarsa kamar igiya mai gashi. Nasu ya fi namu mugunta ta wani ɓangaren. Wani mai ne a jikinsa, sunansa urushiyol, wanda yake sa fata ta yi ƙuraje masu ruwa bayan yini ɗaya ko biyu, kuma man nan ba ya mutuwa don tsiron ya bushe. Yana iya zama a jikin gatari ko safar hannu shekara da shekaru. In aka ƙona shi kuma yana bin hayaƙi ya shiga huhu, har a kwantar da mutum a asibiti. Don haka a can ƙa'ida ce, ana ɓanɓare igiyar daga jikin iccen da safar hannu, ba a sa ta a wuta. Wannan tsiro ba ya fitowa a ƙasarmu, amma 'yan gidansu suna nan a ƙofar gidajenmu. Yazawa, wato kashu, da mangwaro dangi ɗaya suke da shi. Duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon kashu ya san baƙin hayaƙin nan mai shaƙe maƙogwaro, ya kuma san yadda man ɓawon yake sale fata. Akwai ma mutanen da ƙaron mangwaro yake sa wa baki da fuska su yi ƙuraje. Darasin da na ɗauka daga wurinsu shi ne, abin da yake manne a jikin icce ya fi iccen kansa buƙatar a duba.

Gaskiya ita ce ƙarara, duk da wahalar da ta ba mu, ita ce mai sauƙi a cikin abubuwan da suke shigowa cikin damin icce. Ita in ta shiga wuta gashin ƙonewa yake, haɗarinta yana wajen ɗauka da faskare da iska. Ga waɗanda na fi jin tsoro.

Tinya da aguwa. Ana shinge da su a ƙauyukanmu, kuma in an gyara shingen gona rassansu sukan biyo icce. Farin ruwan nan nasu mai kama da nono yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya taɓa gani. Gubar da masana kimiyya suka tace daga tinya ma sunanmu na Hausa suka sa mata, suna ce mata tinyatoxin, kuma zafinta ya ninka na barkono nesa ba kusa ba. Mu masu kifi abin ya fi shafarmu, domin ruwan tinya yana cikin abubuwan da masu su na da suke zubawa a rafi kifi ya bugu ya taso sama, kamar yadda ake yi da magimfa. Wanda ya jibge ɗanyen reshen tinya a bakin tamfol ɗinsa, ko ya wanke addar da ya sare ta da ita a bokitin da yake ɗibar ruwan kifi, shi ya kashe kifinsa da hannunsa.

Tumfafiya. Ita ma farin ruwa gare ta mai cutar da ido, kuma akwai guba mai taɓa zuciya a cikinta. Iccenta ma ba shi da nauyi, ba ya garwashi, ba abin da zai ƙara maka a banda sai hayaƙi.

Gwaska. Icce ne mai ƙarfi, yana cin wuta da kyau, shi ya sa yake ruɗar mutane. Amma ɓawonta guba ce da kakanninmu suka sani, har ana shayar da wanda ake tuhuma da ita a zamanin da, kuma ganyenta yana kashe dabbobi. Ba na so ɓawonta ko garinta ya kusanci kifina ko kajina.

Bini-da-zugu da furannin ado. In an yi aski wa shingen gida a kwatas-kwatas na ma'aikata, yara sukan kwaso rassan su sayar. Akwai wani fure mai dogon siririn ganye, furensa rawaya kamar ƙararrawa, da ɗan uwansa mai fure ruwan hoda. Duka biyun guba ne daga ganye har saiwa, kuma ba a ƙona su kusa da abinci.

Sai kuma wanda ya fi yawa a cikin gari, ba ma daga daji yake zuwa ba, wato katakon da aka yi wa magani. Guntayen katakon rufi da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, tsohon turken lantarki, katakon da aka yi wa fenti, filawud mai gam a tsakani, karyayyar kujera mai sheƙi. Daga wuraren kafintoci na Sabon Gari ana samun irin waɗannan da arha, kuma sun bushe, suna kamawa nan take. Wallahi na sha ganin ana banda da su. Maganin da aka sa don ya kashe gara, in ya ƙone, ina zai je in ba jikin kifin ba? Haka masu kunna wuta da leda ko tsinken silifa ko guntun taya. Kifi mai maiƙo irin tarwaɗa yana shan hayaƙi kamar soso. Ko hancinka bai ji ba, yana ciki.

Me ya sa abin ya yi yawa a 'yan shekarun nan? A ganina dalili biyu ne. Na farko, dazukan da icce mai kyau yake fitowa, wajen Birnin Gwari da Giwa, shigarsu ta zama sai da shahada saboda 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sare itatuwa a waɗannan yankuna saboda tsaro. Na biyu, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suke girki da gas ko kalanzir sun koma icce da gawayi. Masu nema sun ƙaru, marke da ƙirya sun yi wuya. Sai aka koma sharar gona, shinge, bakin rafi, duk abin da gatari ya samu. Iccen da yake zuwa yanzu gauraye yake, kuma da yawa cikin masu sayarwar ba 'yan daji ba ne, su kansu ba su san sunan abin da suke sayarwa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Wani ya ce, "Kai Malam, wuta ai tana cinye komai." Ba haka ba ne. Wutar banda ba wutar maƙera ba ce. Da gangan muke rage mata ƙarfi don ta yi hayaƙi, kuma hayaƙi shi ne abin da wuta ba ta gama cinyewa ba. Ko da iccen kirki ne, hayaƙi mai yawa da maiƙon da yake ɗiga a kan garwashi suna haifar da wasu sinadarai da aka tabbatar suna da alaƙa da ciwon daji. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa wa ɗaya daga ciki iyaka a kifin banda, tun 2014 bai wuce maikirogiram 2 a kilo ba. Saboda wannan matsala ce Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da wani murhun banda a Senegal, wanda yake raba kifi da harshen wuta, yana da faranti mai tare maiƙo. Kafin shi akwai murhun Chorkor na Ghana da ya rage cin icce. A nan gida cibiyar binciken kifi ta New Bussa da cibiyar binciken adana amfanin gona ta Ilorin duk suna da nasu samfurin. In har masana suna wannan wahala a kan hayaƙin iccen kirki, mu kuma mu ƙara masa fenti da leda?

Wani kuma ya ce iyayenmu sun yi banda shekara aru-aru ba su mutu ba. Gaskiya ne, amma iyayenmu sun fi mu sanin icce. Tsohuwa a ƙauye in ka kawo mata dami, da ido za ta ware maka, ta ce wannan na tuwo ne, wannan hayaƙinsa ɗaci gare shi, wannan ba a shigo da shi gida. Kuma a zamaninsu babu filawud, babu leda. Mun gaji sana'ar, mun bar sanin a baya.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba: tsada. Abincin kifi ya cinye riba, in ka ce sai marke ko gawayin ƙirya za ka yi banda da shi, me zai rage? Na yarda akwai ƙunci. Amma ku yi lissafi da ni. Abin da na rage a kan motar iccen nan bai kai kuɗin kifi goma ba. Abin da na rasa kwali biyu ne, da kuɗin magani, da yini guda na aiki, da cinikin wata biyu a shagon da ya fi kowane saye a wurina. Arha ba ta ado, in ji masu magana. Kuma yawancin abin da nake kira a yi ba kuɗi yake ci ba, ido ne da minti talatin.

Ga yadda nake yi yanzu, ko wani zai amfana.

Ba na karɓar icce da dare. In mota ta zo bayan magariba, ta kwana ko ta wuce. Ina tambayar sunan iccen, in mai shi bai sani ba ina duba ɓawon da kaina. Marke, ƙirya, taura, bauše, kalgo, waɗannan na san su kuma ina karɓa. Busasshen mangwaro ina amfani da shi in na ɓare ɓawon. Darbejiya da turare ina barinsu wa ruwan zafi, don hayaƙinsu yana canza wa kifi ɗanɗano. Wanda ban gane ba, ba ya shiga murhun banda.

Ana sauke icce nesa da raga da tamfol da ɗakin kaji, kuma a ɓangaren da iska take tafiya, ba inda take tasowa ba. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka iccena yana kudu maso yamma da rumfa.

In na ga igiyar wani tsiro a nannaɗe, kafin a taɓa sai an yayyafa mata ruwa sosai. Gashin ƙarara in ya jiƙe ba ya tashi. Sannan a sa doguwar riga, safar hannu ta roba, takunkumi da tabarau ko da na masu babur ne, a yanke igiyar gunduwa-gunduwa da adda, a janye ta a hankali, ba fizga ba. Abin da aka cire a haƙa rami a binne. Ba na ƙona shi a fili, don kafin wuta ta kama iska ta riga ta ɗebi rabonta, kuma ban san ko akwai wani abin a ciki da hayaƙinsa ba shi da kyau ba. Kayan da aka yi aikin da su a wanke su daban, kar a haɗa da na yara. Adda da gatari a wanke da sabulu.

In tsautsayi ya faɗa, ƙarara ta taɓa mutum, abu na farko kar ya sosa, duk da na san faɗa ya fi yi sauƙi. Susa tana ƙara tura gashin cikin fata, tana kuma kai shi wani wurin. A cire rigar a hankali, a manna salatif a wurin a ɓanɓare sau da yawa, yana ɗauke gashin. Sannan a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a shafa farin maganin nan na ƙuraje da ake kira kalamin. Mutanenmu suna shafa toka ko manja, ban hana ba in a fata ne. Amma ido daban ne. Ko gashin ƙarara ne, ko ruwan tinya ko na tumfafiya, a zuba ruwa mai tsabta a kan idon a buɗe, a yi ta zubawa aƙalla minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan a tafi asibiti a ranar. Kar a ɗiga nono, kar a ɗiga ruwan sikari, kar a sa kwalli. In kuma mutum ya shaƙi hayaƙi numfashinsa yana sarƙewa, ko fuska da leɓe suna kumbura, wannan ba na jira ba ne, a garzaya da shi.

Kifi kuma, da ya sauka daga wuta ya huce a cikin rufaffen wuri mai raga, ba a fili ba. In kuma wani abu ya same shi, kar ku yi irin tawa. Ku riƙe kayanku, ku kira mai saye ku gaya masa gaskiya. Jinkirin yini ɗaya ana yafe shi.

'Yan uwa masu kaji, kar ku ce wannan ta masu kifi ce. Ɗan tsako a satin farko yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, kuma mafi yawanmu da kaskon gawayi muke samar da shi, a ɗakin da muka toshe da leda. Tsuntsu ya fi mu saurin jin gurɓatacciyar iska, saboda yadda Allah Ya yi masa hanyar numfashi. A kunna gawayi a waje, sai ya zama jan garwashi ba hayaƙi a shigar da shi, kuma a bar kafar iska ta sama. Gawayin da bai gama ƙonewa ba, mai guntun ɗanyen icce a ciki, a ware shi. Yaron da yake kwana da 'yan tsaki ma kar ya rufe kansa ruf da kasko, iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Haka garin katako da muke shimfiɗa musu. Ku tambayi inda aka samo shi. Na katakon da aka yi wa magani ba ya yi, don 'yan tsaki suna tsattsagarsa. Wanda ya jiƙe ya yi fumfuna kuma shi yake kawo musu ciwon huhun nan da za ka ga suna buɗe baki suna haki.

Wani abu kuma, tun da waken suya ya yi tsada na ji wasu suna maganar sa 'ya'yan ƙarara a abincin kaji. Gaskiya ne akwai irinta marar ƙaiƙayi da masu bincike suke shukawa don gyara ƙasa, har an yaɗa ta sosai a Jamhuriyar Benin don kashe tofa a gonaki. Gaskiya ne kuma ƙwayar tana da sinadarin gina jiki. Amma tana ɗauke da wani sinadari mai suna L-dopa, wanda ake ba masu ciwon karkarwa na Parkinson, kuma ɗanyarta tana hana kaji girma. Sai an jiƙa an dafa ta yadda ya kamata, an kuma san gwargwadon da za a sa. Wanda bai sami ƙwararre ya nuna masa ba, ya haƙura.

Abin da yake ba ni takaici shi ne, muna zaune a Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan, NAERLS da aikinta shi ne kai ilimi ga manoma tana nan, NAPRI tana Shika, tashar binciken gandun daji ma tana nan, jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tana yaye masana tsirrai. Ilimin yana bayan katanga, mu kuma muna wajenta muna ƙona abin da ba mu sani ba. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, mu ma ba ma zuwa tambaya. Ina ganin ƙungiyoyinmu na masu kifi za su iya neman a haɗa mana takarda ɗaya mai hotuna, da sunayen Hausa, iccen da ya dace da banda a gefe guda, wanda bai dace ba a ɗaya gefen, a manna a wurin masu icce da rumfunan banda. Za kuma mu iya haɗa kuɗi mu huɗu ko biyar mu riƙa sayen mota guda daga mutum ɗaya da muka yarda da shi, mu gaya masa na abinci ne. Mai icce in ya san kana dubawa, shi ma zai fara dubawa tun daga daji.

Dattijon nan mai marke da na ba shi labarin abin da ya faru, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗana, da ka jira ni kwana ɗaya." Na ce, "Baba, kifi ne ba ya jira." Ya ce, "To ka riƙa sayen iccen kafin ka kwashe kifin mana." Tun daga ranar haka nake yi. Sai icce ya kwana uku a gidana, an duba shi an faskara, sannan nake sa ranar kwashe kifi.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu da cutar da mutane da saninmu ko ba da saninmu ba. Wanda ya san wani iccen da ba a banda da shi a yankinsu, ya faɗa mana sunansa mu ƙaru.